Soja Mai Zare a Wuya

Tun ranar da littafin Baba ya fito, Amarya ba ta ƙara cin abincin rana cikin natsuwa ba. Da zarar abokan aikinta sun watse sun bar ofishin zanen gine-ginen da ƙarar fanka, sai ta ture takardun benen da take zanawa gefe, ta buɗe kwanonta, cokali a dama waya a hagu, ta shiga shafin masu sayar da littafin ta ga ko wani ya ce wani abu. A can ƙasan hoton bangon akwai wurin da duk wanda ya saya zai ba da taurari, daga ɗaya zuwa biyar, ya kuma faɗi albarkacin bakinsa. Makon farko tsit, ko tari ba wanda ya yi.

Baba surukinta ne, uban mijinta, tsohon safiyo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana auna filayen mutane. Da ya ajiye aiki sai ya koma kan abin da ya fi so a duniya bayan iyalinsa, matarsa ma cewa take kafin iyalinsa, wato ces, darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai. Kuma duk manyan 'ya'yan da ke kan allon ba su dame shi ba. Shi ƙananan nan yake so, sojoji takwas da ake jerawa a gaba, waɗanda kowa ke bayarwa a ci ko a jikinsa. A cewarsa, ka nuna masa yadda sojojin mutum suka tsaya, zai gaya maka yadda wasan zai ƙare tun kafin shayi ya huce. Har sunaye ya raɗa musu: wanda ya rasa ɗan'uwa dama da hagu maraya ne, biyu a layi ɗaya goyo, waɗanda suka riƙe juna a karkace kuma sarƙa. A kan wannan ya zauna ya rubuta littafi sukutum da biro, ya sa masa suna Sahun Sojoji.

Ita kuwa Amarya sunan ne kawai ya bi ta, don auren ya kai shekara biyar. Mijinta injiniyan hanya ne, kullum yana can inda ake zuba kwalta, sai ƙarshen wata ake ganinsa, ita kuma tana sashen baya na gidan iyayensa. Umma, uwar mijin, ta riƙe ta hannu bibbiyu. Baba ne dai. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai taɓa yi mata kallon banza ba, amma ban da amsa gaisuwa ba abin da ke haɗa su. Ta durƙusa ta ce ina kwana, ya ce lafiya lau yana kallon allo, shi ke nan an gama na ranar. In yana son abu a wurinta sai ya gaya wa Umma, ko da kuwa tana tsaye a gabansa riƙe da tire. An ce kunya ce irin ta suruki, ita ma ta yarda. Amma ta shiga gidajen ƙawayenta ta gani, ta san kunya ma tana da iyaka, kuma abin yana ci mata rai. Ta tashi ba uba, ta shigo gidan nan da ran ta samu.

Shi ya sa ranar da Umma ta ce mata Baba na tambaya ko za ta iya zana masa allunan da za a sa a littafin, tunda zane aikinta ne, ta ce to tun kafin Umma ta rufe baki. Ba ta san wasan ba ko kaɗan, amma ta san sana'arta: abin da aka ajiye maka shi za ka zana, ba ƙari ba ragi. Yadda aka yi aikin ma abin dariya ne. Baba zai jera 'ya'yan a falo, ya tashi ya fita baranda, Umma ta leƙa ta kira ta, ta zo ta ɗauki hoto da waya ta fice, sannan ya dawo ya jera na gaba. Allo kusan ɗari, duk haka aka yi su. Ita ta zana kowane ɗa da hannunta a kwamfuta, sarki da kambinsa, doki da gezarsa. Har wani farin soja da ke da jan zare ɗaure a wuya, shi ma ta yi masa ɗan siririn zobensa, kada a ce ta yi ha'inci.

Da samfurin bugu ya zo, Baba da amininsa Dokta, tsohon likitan dabbobi da suke fafatawa kullum da la'asar, suka bi shi shafi-shafi da gilashin ƙara girman rubutu, suka ce ba kuskure ko ɗaya. A shafin farko kuma Baba ya rubuta godiya ga surukarsa wadda ta zana allunan. Layi ɗaya ne tak. Amarya ta karanta shi har ta haddace inda tawadar ta ɗan yi kauri.

A mako na biyu aka fara magana. Na farko taurari biyar ya zube, ya ce tun da yake bai taɓa ganin bayani a kan soja maraya mai shiga kai irin wannan ba. Na biyu ma biyar, ya ce allunan kamar su yi magana, wanda ya zana su Allah Ya yi masa albarka. Amarya ta ce amin a fili, ita kaɗai a ofis. Wani ya ba da huɗu, wai marubucin ya cika sako labarin awon fili a tsakiyar darasi, amma dai ya ƙaru, yanzu ba ya sakin sojojinsa barkatai kamar awaki. Sai wani bawan Allah da ya ba da tauraro ɗaya saboda littafin ya iso masa da bango a lanƙwashe. Kai jama'a, mutum ya yi shekaru yana rubutu har bayansa ya ƙage, kai kuma ka zo ka hukunta shi da laifin mai babur ɗin da ya kawo maka. Wannan bai dame ta ba, tsaki kawai ta ja ta wuce.

Wanda ya dame ta ran Talata ya zo, shi ma da tauraronsa ɗaya.

"Ban san ko marubucin nan ya taɓa ganin allon ces ba," in ji shi. "A babin maraya, sojan da ake ce mana maraya ne ga ɗan'uwansa nan a gefensa. A wani shafin fararen sojoji tara ne, na ƙirga da yatsa. Ana cewa doki ya yi tsalle, na duba ban ga doki ba. Littafi a kan sojoji, amma ba a iya ƙirga sojoji ba."

A ƙarƙashinsa har an fara cacar baki. Ɗaya daga cikin masu taurari biyar ya dawo ya ce masa ya je a duba masa ido, ga doki nan ƙiri-ƙiri. Mai ƙirgar ya mayar masa cewa in shi yana ganin doki a shafin nan to ba ido za a duba masa ba. Wasu biyu suka bi bayan mai ƙirgar. Sai wata mata, wadda ta ce tana koyar da wasan a makaranta, ta rubuta cikin ladabi cewa bayanin ba shi da na biyu amma allunan sun kashe shi, ga dukkan alamu an ba wanda bai san wasan ba ne ya zana. Wannan ce ta fi yi wa Amarya zafi, don gaskiya ce, kuma ba zagi a ciki da za ta riƙe ta ji haushi.

Ta ciro nata kwafin daga jaka, ta nemo shafin, ta ƙirga. Tara. Gabanta ya faɗi. Ta shiga hotunan da ke wayarta ta lalubo na allon, ta buɗa shi da yatsu biyu, ta sake ƙirgawa. A hoton ma tara ne, har da mai jan zaren nan. To ashe ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Sai wani tsoron ya kori na farko, wai ko tsufa ne ya fara taɓa Baba ba wanda ya lura. Amma Dokta fa? Da mutanen nan masu rantsuwa sun ga doki?

Ta kira mijinta. Yana tsakiyar ƙarar injina, sai da ta yi ta maimaitawa. Da ya gane abin da take nufi sai ya fashe da dariya.

"Mai zaren? Ai wannan ba soja ba ne, doki ne. Farin dokinmu ɗaya ya ɓata tun ina firamare, shi ne yake tsaya masa. Kowa ya sani."

"Kowa?"

Dariyar ta tsaya cak. Ta ji numfashinsa, ta ji wani yana kiransa daga nesa. Ta tambaye shi ina dokin ya shiga, kuma me ya hana a sayi wani duk tsawon shekarun nan. Ya yi 'yan kame-kame, ya ce wannan sai dai Umma, zai kira ta anjima, ya kashe.

Ta zauna da wayar a cinya, abincin ya sandare a kwano. Yanzu kam ta gane. Masu ganin doki duk mutanen falon Baba ne, waɗanda suka taɓa zama a gaban allon nan. Da sun hango ɗan zoben da ta zana sai idonsu ya ce musu doki, su wuce. Masu ƙirga tara baƙi ne. Ita kuma, mai goge ƙurar allon nan duk Asabar, mai ɗaga sojan ta goge ƙarƙashinsa ta mayar, tana cikin baƙin. Kuskuren ya ba ta kunya, amma abin da ya sa idonta ya kawo ruwa shi ne wannan "kowa" ɗin.

Ta iso gida da la'asar sakaliya, ta tarar da takalman Dokta a ƙofar falo. Umma ta tare ta tun a tsakar gida da tiren shayi, baki har kunne: ai Dokta ya zo da labari wai mutane sun fara yabon littafin a waya, su kuma idonsu ba ya kama ƙananan rubutu, Baba ya ce ko Amarya za ta karanta musu. Amarya ta buɗe baki za ta ce Umma a tsaya a ji, Umma ta danƙa mata tiren ta tura ta gaba, wai shayin zai huce.

Ta zauna a kan darduma kusa da ƙofa, inda ta saba. Tsofaffin biyu suna kan kujerunsu, allon a tsakani, wasa ya yi nisa. Baba ya sha mur yana kallon sojojinsa, wai shi abin bai dame shi ba, alhali hular fita unguwa ce a kansa a cikin falonsa.

Ta fara da masu daɗi. Kowanne ta karanta sai Dokta ya cafe: wannan ai mai gyaran wutar nan ne na bakin titi, wanda ake lallasawa duk Lahadi, wannan kuma wanda ya yi aiki a ƙarƙashinka ne, shi ya sa labarin awon fili ya ishe shi. Da ta zo kan mai cewa allunan kamar su yi magana, Dokta ya gyara zama ya ce wannan kam mutum ne mai hankali ƙwarai. Baba bai ɗago ba, ya ce ya san mai hankalin, ba shi ne wannan da ke zaune a gabansa, wanda jiya ya bar sarauniyarsa a fili aka ɗauke ba? Aka yi dariya, har Umma da ke tsaye a bakin ƙofa.

Sai masu daɗin suka ƙare. Amarya ta dubi wayar, ta ga za ta iya cewa iyakarsu ke nan, ba wanda zai sani yau. Amma gobe fa? Wani zai fesa masa a wurin aski, daga bakin bare zai ji, a gaban mutane. Ta karanta na mai ƙirga da yatsa tun daga farko har ƙarshe, ba ta tsallake ko kalma ba. Ta karanta na malamar makarantar ma, har da inda aka ce wanda bai san wasan ba.

Dokta ne ya fara hawa sama. Ya ce hassada ce, irin mutanen nan ne da ba su iya komai ba sai danna waya. Baba ya miƙa hannu ya ɗauko littafin a kan rediyo, ya buɗe shafin, ya ɗora gilashinsa, ya bi da yatsa a hankali leɓensa na motsi. Ya tura wa Dokta, shi ma ya bi.

"Takwas ne," in ji Baba. "Ga takwas, ga doki. Ina taran?"

"Takwas da doki," in ji Dokta. "Ko makaho ya shafa ya sani."

Amarya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba ta taɓa gaya wa Baba wata magana da ta wuce gaisuwa ba, yau ga ta farko, kuma musu ce.

"Baba, ku gafarce ni. Ni ma soja na gani. Soja na zana, da zarensa. Ban san doki ba ne."

Baba ya dubi shafin, ya dubi allon da ke gabansa, inda mai jan zaren ke tsaye a tsakiyar fili yana aikin doki hankalinsa kwance. Dokta ne ya fara ganewa. Ya riƙe ciki ya yi ta dariya har da tari, yana cewa shi da ya yi shekara da shekaru yana duba dawakai, yau an nuna masa mutum ya rantse doki ne, gara a karɓe takardarsa ta aiki. Sai ya dubi fuskar amininsa, dariyar ta maƙale masa.

Baba ba ita ya kalla ba, Umma ya kalla.

"Ba wanda ya gaya mata?"

Umma ta sunkuyar da kai. Ya cire hular ya ajiye a hannun kujera, ya tashi ya shige ɗakinsa. Wasan ya bari a tsakiya, abin da Dokta ya ce bai taɓa gani ba tun da suke.

A kicin Amarya ta kama wanke kofuna, har waɗanda ba a sha komai a ciki ba. Tana yi tana ba Umma haƙuri: ta ɓata wa Baba aikin shekaru, ta sa baƙi suna yi masa dariya, da ta buɗe baki ta tambaya da ba a kai ga haka ba. Umma ta bar ta ta gama, sannan ta kashe famfon, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna, ta ce mata ita ma ta zauna.

Umma ta ce mijin Amarya yana da ƙanwa. Amarya ta san wannan, ta san an yi wata yarinya ta rasu tana ƙarama, amma iyakar saninta ke nan, don ba a zancenta a gidan. Umma ta ce yarinyar 'yar gaban goshin Baba ce, ba ta da wurin zama sai cinyarsa in yana wasa. Ba ta san komai a allon ba sai farin dokin nan, shi take sacewa ta gudu da shi tana yi masa haniniya, a bi ta ana lallashi kafin a ci gaba da wasa. Da ciwo ya kama ta aka kwantar da ita a asibiti, ta ce sai an kawo mata shi. Baba ya kai mata. Yana hannunta kwana da kwanaki, ko allura za a yi mata ba ta sakinsa. Ranar da aka dawo ba ita, cikin ruɗewa ba wanda ya tuna da doki, da aka koma nema kuma an canja zanen gado an share ɗaki.

Baba ya daɗe bai taɓa allon ba. Ranar da ya buɗe akwatin ya jera, gurbi ɗaya ya rage, ya zauna yana kallonsa. Umma ta ce ita ta kasa jurewa, ta ɗauko wani soja na rara da ya zo a akwatin, ta tsinko zare a keken ɗinkinta ta ɗaura masa, ta ajiye a gurbin. Ba ta ce komai ba, shi ma bai ce ba. Sau nawa ana kawo masa sabon allo tsaraba, ya yi godiya ya kyautar. Duk wanda ya zauna wasa a karon farko za a ce masa wannan doki ne, shi ke nan, in ma ya tambayi dalili ba a amsawa.

"Ke kuma ba ki taɓa zama ba," in ji Umma. "Laifina ne. Na ga kina goge shi kina lallaɓawa, na ɗauka mijinki ya gaya miki. Shi kuma ya ɗauka ni na gaya miki."

Ta murza bakin zanenta. Sannan ta ce da yarinyar tana raye da yanzu sa'ar Amarya ce, tsiransu kaɗan ne. Ta ce ranar da Amarya ta tare, Baba ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba. Ba ƙi ba ne, in ji ta, bawan Allahn bai san yadda zai dube ta ba ne. Amarya ta kifa kai a gwiwar Umma ta yi kuka mai isarta, na tausayin tsohon, da na kanta, da na yarinyar da ba ta taɓa gani ba.

Gyaran kansa ba wani abu ba ne. Washegari a ofis, lokacin cin abinci, ta ɗauki ɗayan farin dokin da ta riga ta zana, ta sa kwamfuta ta ajiye shi duk inda mai zobe yake, kafin ka ce me an gama. Ta bi allunan ɗaya bayan ɗaya ta tabbatar. Da ta ga dokin zaune daram a gurbin mai zare sai ta ji wani iri, kamar ta kori wani daga gidansu. Ta kira masu ɗab'i, suka ce ba matsala, a bugu na biyu sai a sa gyararrun, waɗanda suka riga suka saya kuma a tura musu, ta hanzarta kawai. Ta buga su a takarda ta sa a ambulan, ta kai wa Umma ta miƙa wa Baba, ta roƙe ta ta ƙara ba shi haƙuri.

Kwanaki suka wuce ba saƙo daga Baba. Dokta ya zo ya sha shayi ya tafi ba a jera komai ba. Mijinta ya kira yana ta rarrashi, wai Baba ba mai riƙo ba ne, ta ce ta ji. Baba yana amsa gaisuwarta kamar kullum, yana kallon wani wuri kamar kullum. Ta daina leƙa shafin masu sayarwa, don taurarin sai raguwa suke, kuma kowane ɗaya da ya faɗo ji take a kanta ya faɗo. Ta riga ta sallama. Layi ɗayan nan na godiya ma ta san ba lallai ya tsira a bugu na biyu ba, kuma in an cire ba za ta ga laifin kowa ba.

Ran Asabar da hantsi tana shanya a tsakar gida ta ji an ce, "Amarya." Ta waiga tana neman Umma, duk da muryar ba ta yi kama da tata ba, amma wa kuma zai kira ta? Baba ne tsaye a ƙofar falo. Ya ce ta zo da wayarta.

Ta goge hannu a zane ta shiga, ta nufi dardumarta. Ambulan ɗin na kan rediyo, an buɗe shi. Baba ya zauna ya ce ta nemo masa mutumin nan mai ƙirga da yatsa, in ana iya ba shi amsa. Ta ce ana iyawa. Ya ce ta rubuta masa cewa ya yi gaskiya, tara ne. Mai zobe a wuya doki ne, a gidansu haka yake. Wadda ta zana abin da aka ajiye mata ta zana, mai dubawa ne bai gani ba, kuma za a gyara. Ya ce malamar makarantar ma a gaya mata haka, a ƙara da cewa ya gode da ladabinta. Mai lanƙwasasshen bango kuwa a bar shi da halinsa.

Amarya ta rubuta, haruffan suna rawa a idonta. Ta karanta masa ya ji, ya ce a tura. Ta tura, ta yunƙura za ta tashi.

Ya ce saura gyara. Ya ce shi ya daina yarda da duba takarda, an ga inda ta kai su shi da Dokta. Allunan ɗaya-ɗaya za a bi, a jera kowanne a nan, ita ta jera da hannunta, ta faɗi sunan kowane ɗa da yadda yake tafiya, ta nuna masa ina maraya ina sarƙa, sannan a wuce na gaba. A rana allo ɗaya ya isa, in ta dawo aiki ta huta, kada a gaji. Duk yana maganar nan yana gyara zaman 'ya'yan da ba abin da ya same su. Ta auna abin a ranta, ta ga zai kai su watanni, masu ɗab'i kuma suna jira. Ta ɗauka bai fahimci abin da ke cikin ambulan ɗin ba ne.

"Baba, ai na riga na gyara su duka. Suna ciki, na duba ɗaya bayan ɗaya."

"Na gani. Ba kuskure ko ɗaya. Ki tura musu yau ma."

To me kuma za a duba? Ta ɗago kai, ta ga shi ma ita yake kallo, ido cikin ido, idanun nasa sun yi ja, yana ƙoƙarin shan mur abin ya ƙi. A nan ta gane, ba gyara yake nema ba, zamanta a gaban allon tare da shi yake so.

Ya sa ƙafa ya tura kujerar Dokta baya kaɗan.

"Shekara biyar na bar ki a bakin ƙofa," ya ce. "Taso, 'yata. Zauna nan."